Jan Katin Kurciya

Ni ban yi makaranta ba, ko sunana ban iya rubutawa ba, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta wannan, na kuma gaya mata in ta gyara mini magana ban yafe ba. Abin da aka yi wa jikata nake so a ji, yadda aka yi shi, ba yadda za su shafa masa mai ba.

Kurciya muke ce mata. Ba ta magana, sai wani ɗan sauti mai taushi a maƙogwaro, kuu, kuu, in ranta ya yi fari. Shekararta tara. Likita ya ce otizim ne, wasu su ce galahanga. Ni dai abin da na sani, yarinya ce mai ji, mai gani, mai lura fiye da ni da ku, bakin ne kawai ya ƙi buɗewa. Uwarta ta rasu tun tana rarrafe. Ubanta, ɗana, direba ne a kamfanin rarraba kaya, ya fita da sassafe sai yamma. To ni ce uwar, ni ce kakar, a ɗaki biyu da falo, can saman bene a gidan haya, ƙasanmu kuma mai walda ne da mai kemis.

Da, kafin hotuna, zaman gidanmu zaman duba ne. Za ta ja hannuna zuwa kicin, in miƙa mata kofi, ta jefar. In miƙa burodi, ta jefar. In bi duk abin da ke kan kantar kicin ɗaya bayan ɗaya, ita tana ƙara sanƙarewa, har ta je ta sa goshi a bango gefen firiji ta fara bugawa. Har yau fentin wurin a goge yake. Wanda bai taɓa riƙe kan yaro yana neman bango ba, bai san abin da nake faɗa ba.

Da ƙyar muka samu gurbi a makarantar irinsu, ƙarama ce, bayan tashar mota, ana layi kafin a shiga. Can muka haɗu da wadda muke kira Malamar Hotuna. Siririya, mai tabarau, ba ta fi sa'ar autata ba. Ba ta tsaya a aji kaɗai ba, da ƙafarta ta hawo benenmu tana haki, ta zauna a ƙasa kan leda. Ta ɗauki hoton kofinmu mai karyayyen hannu, da famfonmu, da ƙofarmu, da banɗaki, da fuskata, da ta uban, har da tata fuskar ita Malamar. Ta kai aka wanke, aka rufe kowanne da roba, ta jera su a wani allo mai abin mannewa irin na takalmin yara, wanda ke ƙara in an ɓare. Akwai kuma katin ciwo, mai zanen mutum ya yamutsa fuska. Wurinsa kullum ƙasan allo ne, ta hagu. Ta ce kada a taɓa sauya wa kati wuri, don da yatsa Kurciya ke haddace su.

Da yarinya ta fara miƙo hoto ana ba ta abu, na ce shi ke nan, an gama. Malama ta ce, "Mama, da saura. Za ta nuna kofi ki ba ta ruwa, alhali shayi take so. Mai baki sai ya ce a'a, ba shi ba. Ita fa me za ta ce?"

Sai ta fito da wani kati mai jan gefe, da zanen tafin hannu a ɗage. Ɗana yana gani ya kwashe da dariya. "Inna, ashe alƙalin wasa muka samu a gida. Wannan ai jan kati ne!" Sunan da ya bi shi ke nan.

Yadda ta koyar da shi ne ya kusa haɗa mu faɗa. Kurciya ta miƙa mata hoton ayaba, ga ayabar a gabanta, sai Malama ta ɗauki cokali ta ba ta. Na ce, "Ke, tabaran naki na ado ne? Ayaba ta nuna!"

"Da gangan nake yi, Mama."

"Da gangan? A ɗakina?"

"Ki ɗan yi haƙuri ki gani."

Kafin yarinya ta sanƙare, Malama ta zagaya bayanta, ta kama hannunta a hankali ta ɗaga jan katin da shi. Nan take ta saki cokalin ya faɗi, ta buɗe hannuwa ta ce, "Au, ban gane ba. Nuna mini." Kurciya ta sake taɓa ayaba, aka ba ta ayaba. Haka suka yi ta yi, yau da gobe. A ba ta soso a maimakon biskit, a ba ta murfin tukunya a maimakon ƙwallo. Kuskuren ƙarya, don ranar da na gaskiya ya zo ta san yadda za ta yi. Ta ɗaga ja, a tsaya, ta sake nunawa ko ta nemo wani hoton.

Kuma ta kafa mana doka. Ta kama hannuna biyu, a nan kan ledar, ta ce, "Mama, jan kati ba ya tashi a banza. Ko tukunya ce a wuta, ko waya kike, ko baƙi ne a ɗaki, in ta ɗaga, a tsaya. Ranar da ta ɗaga aka share ta, ranar za ta daina yarda da shi." Sai da ta sa na maimaita kamar ƙaramar yarinya. Ta sa uban ma ya maimaita. Ku riƙe wannan, don bakinta ne ya faɗa, ba nawa ba.

Ba zan manta ranar da abin ya kama ba. Kurciya ta kawo mini hoton ƙofa. Na ce to, yawo take so, na ɗauko mata takalmi. Sai ga jan kati a gaban hancina. Na ajiye takalmin, na ce ban gane ba, nuna mini. Ta koma allo, ta ɗauko katin ciwo, ta ɗora a kunnenta, ta sake nuna ƙofa. Ashe mai walda ne ya kunna injin yankan ƙarfe, ƙarar na shigowa ta ƙofar baranda. Na rufe. Ta zauna, ta ce kuu. Na shiga kicin na yi kukana. Duk shekarun nan ashe ƙofa kawai take so a rufe mata, ni ina ta miƙa mata burodi.

Daga ranar na daina ce mata Malama, sai 'yata. Har kofinta daban na ware mata a kan kantar kicin. In maƙwabta suka ce masu makarantun nan duk 'yan neman na kansu ne, ni ce mai tare musu. In ce ban da tawa.

Sai aka ce manyan baƙi za su zo daga ofishin da ke kula da irin waɗannan makarantu, don makarantar na neman izinin buɗe sabon aji. Za a nuna musu yaran da suka fi ci gaba, Kurciya a gaba. Mutum ɗaya daga kowane gida. Ɗana ya nemi hutu a wurin aiki, ya goge rigarsa da kansa. Na ce je ka, kai ne uba. An ce sun ƙawata bango da takardu kala-kala, an kafe su da ƙananan ƙusoshin nan masu faffaɗan kai.

Da rana tsaka suka dawo, ya goyo ta a baya yana hawo bene, goshinta ya kumbura suntum.

"Me ya same ta?"

"Ta yi ƙoƙari, Inna, wallahi har tafa mata aka yi. Daga baya ne gajiya ta kama ta, ta ɗan yi borinta."

Na zaunar da ita zan cire mata takalmi. Na dama ya fita. Na hagu ya ƙi. Da na ja, sai ta sanƙare kamar itace. Safar ta manne da jini. Ƙusa ce ta huda tafin takalmin ta shige mata ƙafa, tana nan a tsaye. Mai kemis ya hawo ya wanke, ya yi mata allura, ya naɗe. Ko uffan ba ta yi ba. Kurciya ba ta kuka don ciwo, shi ya sa aka yi mata katin ciwo tun farko.

Na janyo jakarta na fito da allon. Kati huɗu kacal a kai: ruwa, biskit, ƙwallo, da ja. Sauran wurin fayau. Na lalubo aljihun jakar, na same su a ɗaure da roba, har da na ciwo a tsakiya.

"Wa ya kwashe waɗannan?"

"An rage su ne, Inna, don baƙi su iya gani daga nesa. In sun yi yawa abin ba ya fitowa sosai."

"Ba ya fitowa ga wa?"

Sai ya ciro waya, wai in ga da idona yadda ta burge mutane. Shi har lokacin bai haɗa ɗaya da biyu ba. Gani ya kori ji. Na gani.

An shigo da ita tana tafiya a kan yatsu. Dama takan yi haka, to ba wanda ya kula. Aka zaunar da ita gaban tebur, ga Malama a gefe, ga baƙi a jere kan kujeru da manyan riguna, ga shugabar makaranta a tsaye tana murmushi. Kafin a ce komai, Kurciya ta kai yatsa ƙasan allo ta hagu. Ba komai a wurin. Ta shafa. Ta sake shafawa. Ta kankari wurin da farce. Sannan ta ɓare jan kati ta ɗaga.

Malama ta yi dariya ta ce wa baƙi, "Kun gani, har ta ƙosa a fara." Ta miƙa mata ƙwallo. Ja. Aka tafa. Ta miƙa mata ruwa. Ja. Aka tafa da ƙarfi. Ta juya ga baƙi tana bayani, wai wannan shi ake kira gyaran zance, yaro ya san yadda zai ce ba a fahimce shi ba. Tana bayani, yarinya na tura mata katin a ƙirji, tana turawa, tana turawa. Ta miƙa mata biskit ba tare da ta ko dube ta ba. Ja. Hoton wayar na rawa don mai riƙe da ita yana buga cinya, ina jin muryar ɗan da na haifa yana cewa, "Yauwa 'yar Baba!"

Sai Kurciya ta ajiye katin a kan tebur, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ta dube shi. Ta ɗaga kai ta buga goshi a teburin. Shugaba ta yi wuf ta ce baƙi su zo su ga ɗakin wasanni. Nan hoton ya ƙare.

Na ce masa, "Sake kunnawa, ka dubi yatsanta." Ya duba. Ya tashi ya fita baranda, ya daɗe bai shigo ba.

Ƙafa ta warke, ƙafa ba ta da riƙo. Abin da bai warke ba shi ne wannan. Na mayar da katunan duka wurarensu. Washegari ta kawo mini hoton kofi, ni kuma don in gwada, na miƙa mata mataji. Ta karɓa. Ta zauna riƙe da mataji a cinya tana kallon bango. Na ce, "Kurciya, ba shi ba ne, ko? Ɗaga mini ja." Ko motsi. Na ba ta shayin, ta sha. Duk abin da ka ba ta sai ta karɓa. Ka ba ta dutse ta karɓa. Mutane za su ce ai ta yi hankali. Ni na san yarinya ce ta sallama.

Jan katin kuma ya ɓace daga allo. Na same shi a ƙarƙashin firiji. Na goge na mayar. Da yamma ya sake komawa can. Na sake mayarwa, ta sake turawa, wannan karon can ciki inda sai da tsintsiya. Sai na bar shi. Ba a jima ba ta rage kawo hotunan ma, ta koma jan hannu. Ranar da na sake jin ƙarar goshi a bangon gefen firiji, na ɗauki mayafina.

Ɗana ya tare ƙofa. "Inna, don Allah. Kin san layin da ake yi a makarantar nan. In suka ce mu ɗauke ta, ina za mu kai ta? Tsautsayi ne."

"Ƙusa ce tsautsayi. Tafin fa? Shi ma tsautsayi ne?"

"Ni ma ai na tafa."

"Na ji muryarka. Kai jahilci ya sa ka, irin nawa. Matsa mini."

Har a lokacin, Allah ya sani, ban ɗora wa Malama laifi ba. Na ce shugabar ce ta tilasta mata, yarinya ce, tana tsoron aikinta. Ba ta hawo benenmu ba tun ranar, na ce kunya ce. Ni da kaina nake nemo mata uzuri ina jerawa.

Na sa takalmin a leda, na mayar da ƙusar cikin hudarta, na hau mota. Mai gadi ya ce, "Mama, an san da zuwanki?" Na ce, "Yanzu za a sani." Ya dubi fuskata ya buɗe.

Ofishin shugaba da sanyi, da labule, da kujera mai laushi wadda in ka zauna sai gwiwarka ta fi kanka tsawo. Ban zauna ba. Na zazzage takalmin a kan teburinta.

"Subhanallahi. Mama, mun ji abin da ya faru, kuma ranmu ya ɓaci ƙwarai. Na riga na hana amfani da ƙusoshin nan gaba ɗaya, yanzu da gam ake manna komai. Maganin da aka saya kuma makaranta za ta ɗauka."

"An bar jaki ana dukan taiki. Ni ƙusa na kawo ƙara? Wa ya kwashe mata katuna?"

"Shawara ce ta makaranta."

"Makaranta ba ta da hannu. Hannun wa?"

"Mama, ki zauna mu yi magana cikin natsuwa."

"Natsuwata na gida, na bar ta wurin yarinya. Kira mini 'yata, ta faɗa a gabanki abin da kika sa ta."

Aka kira ta. Ta shigo tana goge hannu a jikin riga, ta rame. Ta durƙusa za ta gaishe ni, na ce tashi, faɗi gaskiya kawai, ina bayanki, ba mai korarki ina raye.

Ta dubi takalmin. Ta ce, "Ni na rage katunan, Mama. Ba wanda ya sa ni. Na ga kamar zai fi tsari."

Na ji kamar an zare mini wani abu a baya. Amma na ce to, kuskure ne, ɗan Adam ne. "Kin rage, kin rage. Da ta ɗaga kuma ba ki gane ba, kin ɗauka wasan da kuka saba ne. Ko ba haka ba?"

Ni na miƙa mata wannan igiyar da hannuna. Da ta kama, da na zage ta tas, na yafe mata kafin in kai tasha.

Shugaba ta ce, "Haka ne mana, ai kowa zai iya..."

"Na gane," in ji Malama. "A na farko ban tabbata ba. A na biyu na san ba wasa take ba. Na ga yatsanta."

"Kin gani."

"Na gani. Na ce bari in ƙarasa, saura kaɗan, in baƙi sun fita sai in duba ta."

Ban san lokacin da na zauna a kujerar nan mai laushi ba. Na dube ta, yarinyar da ta kama hannuna biyu a kan ledar ɗakina. Na ce, "Ko tukunya ce a wuta. Ko waya kike. Ƙarasa mini, na manta na ukun."

Hawaye na bin ƙarƙashin tabaranta.

"Ƙarasa!"

"Ko baƙi ne a ɗaki."

"To."

Na ce wa shugaba ban son maganinta. A kira mutanen nan a gaya musu abin da suka tafa wa. A nuna musu hoton har ƙarshe, da takalmin a gabansu. Ta ce, "Mama, in aka yi haka ajin da za a buɗe ya rushe, yara da yawa ke jira." Na ce ajin da za a gina a kan ƙafar jikata, a fara tambayar ƙafar. Ta ce za su duba. Na san wannan za mu duba, na girme ta.

Ita kuwa Malama na ce mata, "Ni ba ni kika yi wa ba. Kin san benen."

Ta zo ranar da ba makaranta, da la'asar, uban yana gida. Ta zo da sababbin katuna masu sheƙi, har da sabon ja. Kurciya na tsaye a bakin famfon kicin tana tara yatsa a ɗigon ruwa. Da ta ji muryar, kafaɗunta suka hau sama.

Malama ta zauna a ƙasa, daidai inda ta saba. Ban kawo mata ruwa ba. Ta cire tabarau ta ce, "Kurciya, kin ɗaga ban tsaya ba. Na yi laifi." Ta tura sabon katin gabanta. Yarinya ko kallo. Aka yi ta zama. Can sai Malama ta buɗe jaka ta fito da ayaba da cokali, wai za a faro daga farko.

Jinina ya hau. Wato za ki sake yi mata kuskuren ƙarya, bayan na gaskiya? Na buɗe baki ke nan, sai Kurciya ta bar famfo. Ta wuce ta gabanmu, ta kwanta rub da ciki a gaban firiji, ta zura hannu har kafaɗa. Ta daɗe tana lalube. Ta fito da tsohon katin, duk ƙura da yanar gizo-gizo. Ta zo ta tsaya a kan Malama, ta ɗaga shi daidai fuskarta.

Na ga hannuwan Malama sun taso, bakinta ya fara haɗa madalla, don abin ya zame mata jiki. Na ce, "Kika tafa, sai na karya hannun."

Ta mayar da hannuwan. Ta ajiye cokalin. Ta ce, "Ban gane ba. Nuna mini."

Kurciya ta je allo, ta bi da yatsa, ta ɓaro hoton ƙofa ta ajiye mata a cinya.

"A rufe ƙofa?" Malama ta yunƙura za ta rufe ta baranda, don ta san labarin mai walda, ni na ba ta shi da bakina ina murna.

Ja.

Ta koma ta zauna. "Ban gane ba. Nuna mini."

Yarinya ta sake komawa allo. Ta wuce fuskata, ta wuce ta ubanta, ta ɓaro hoton Malama, wanda ita da kanta ta ɗauka tana dariya. Ta kawo ta ɗora shi a kan hoton ƙofa. Ta danna da yatsa.

Ɗana ya ce, "Haba Kurciya, baƙuwa ce fa, Malamarki ce..."

"Rufe mini baki," na ce. "Magana take."

Malama ta ɗago ta dube ni. Na ce, "Kada ki dube ni. Ke kika koya mana. Kin gane ko a sake nuna miki?"

"Na gane."

Ta tattara ayabarta da cokalinta. Sababbin katunan ta bari a ƙasa. A bakin ƙofa ta juya ta ce wa yarinyar, ba ni ba, "Na gane, Kurciya. Na tafi." Ta sa takalmi ta sauka. Kurciya ta tsaya ta karkata kai tana sauraren takunta hawa bayan hawa, har ƙofar ƙasa ta yi ƙara. Sannan ta goge jan katin a rigarta, ta manna shi a wurinsa. Hoton Malama kuma ta ɗauka ta tura ƙarƙashin firiji. Ba ta ce kuu ba ranar. Sai bayan kwana biyu.

Yanzu tana ɗaga jan katin a gida. Ni ta fi ɗaga wa, wallahi har na gaji, shayi ya yi zafi ja, riga ba ita ba ja. Ubanta kuwa ko tari ya yi da ƙarfi sai ya sha kati, shi kuma tsaye yake cak kamar soja, ko yana tsakiyar aski. Bangon gefen firiji ya huta.

A makaranta an mayar da ita ajin wata malamar. An ce tun da ta koma ba ta taɓa ɗaga shi a can ba, ko sau ɗaya. Tana shiga ƙofar makaranta sai ta ɓare shi ta cusa a safa, sai mun hau mota ta fito da shi. Can duk abin da aka ba ta karɓa take, suna ta yabon ta da haƙuri.

Kofin da na ware wa Malama yanzu da shi nake ɗiban garin sabulu. An ce sabon ajin an ba su izini, har an fara fenti. Shugaba har yau tana dubawa. Takalmin na nan a leda, da ƙusarsa, hoton kuma na sa ɗana ya tura wa maƙwabciyata kada wani ya lallashe shi ya goge. Na tambayi mai kemis inda ofishin manyan yake, ya kwatanta mini, mota biyu ce. An ce sai da takarda ake shiga, to ga takardar. Sun zauna a kujera sun tafa. Zan ajiye musu takalmin a tebur, in kunna musu hoton, in ce su dubi yatsanta.